Zuma da Zaƙi da Harbi: Abin da Sukari ke Yi wa Ƙwaƙwalwar Ɓera

Shekaru da dama ke nan wata magana tana yawo cikin jaridu da gidajen rediyo na ƙasashen Turai da Amurka, har ta shiga wayoyin hannu, cewa wai sukari ƙwaya ne, yana kama mai shansa kamar yadda morfin ko Tramol ke kama mutum. Maganar ba daga sama ta faɗo ba. Asalinta waɗansu gwaje-gwaje ne da masana kimiyya suka yi a kan ɓeraye cikin ɗakunan bincike na manyan jami'o'i. Amma fa labari in ya yi doguwar tafiya yakan zubar da rabin kayansa a hanya. Saboda haka ya kyautu mai karatu ya ji abin da masanan suka yi, da abin da suka gani da idonsu, da kuma sharaɗin da aka manta da shi wajen ba da labarin, domin a cikin wannan sharaɗi ne darasin yake.

Kwaɗo da mabuɗi

Tun zamanin da, mutane sun san ofiyom, watau wani ƙaro da ake tatsa daga ƙwallon wani fure da ake nomawa a ƙasashen Asiya. Daga gare shi ake fid da morfin, maganin da likitoci ke yi wa majiyyaci allurarsa in zafin ciwo ya tsananta. Hiroyin daga morfin ake yin ta, Tramol kuwa, ko da yake a masana'anta ake haɗa shi, hanyarsu ɗaya cikin jiki. Dukansu suna kashe zafi, suna kawo natsuwa da jin daɗi, sa'an nan in mutum ya saba da su rabuwa takan zama azaba.

Abin da ya daɗe yana ɗaure wa masana kai shi ne: ta yaya ƙaron fure ke samun irin wannan iko a kan ƙwaƙwalwa? A shekarar 1973 aka sami rabin amsa. Candace Pert da malaminta Solomon Snyder na Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka, da waɗansu masana na birnin Niyok da na ƙasar Suwidin, suka nuna cewa a jikin ƙwayoyin jijiyoyin ƙwaƙwalwa akwai waɗansu ƴan gurabe na musamman da morfin ke shiga ya zauna daram, kamar yadda mabuɗi ke shiga kwaɗon ƙofa. Daga nan sai wata tambaya ta taso. Ba a yin kwaɗo sai da mabuɗi, to ina mabuɗin da aka halicci wannan kwaɗo dominsa?

A shekarar 1975 John Hughes da Hans Kosterlitz na Jami'ar Abadin, a ƙasar Sikotilan, suka tsamo wannan mabuɗi daga ƙwaƙwalwar aladu, suka sa masa suna ankefalin. Shekara guda bayan haka, a 1976, Choh Hao Li na Jami'ar Kalifoniya ya fid da wani ɗan uwansa mai ƙarfi daga wani ɗan ƙullutu da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwar raƙumi, shi ne ake kira beta-andorfin. Kalmar andorfin ma'anarta morfin na cikin jiki. Ashe jikin dabba da na ɗan Adam yana sarrafa nasa maganin zafi da kansa, yana sakinsa lokacin rauni, da lokacin wahala, da lokacin jin daɗi. Waɗannan sinadarai tare da kwaɗunansu su ne ake nufi in an ce tsarin ofiyom na ƙwaƙwalwa.

Akwai kuma wani magani mai suna nalokson, da ɗan uwansa naltrekson. Shi kamar karyayyen mabuɗi yake: yana shiga kwaɗon ya toshe shi, bai buɗe ba, bai kuma bar wani mabuɗi ya shiga ba. Da shi likitoci ke ceton wanda ya sha ƙwaya ta fi ƙarfinsa. Masu bincike kuwa sun mai da shi ma'auni. In an ga wani hali ga dabba, aka yi mata allurar nalokson halin ya ɓace, to an tabbata ta ƙofar ofiyom abin ya biyo.

Zaƙi mai kwantar da kuka

Da wannan ma'auni aka fara kama sawun sukari. A shekarar 1987 Elliott Blass da abokan aikinsa a Amurka suka ɗauki jariran ɓeraye ƴan kwana 10, suka raba su da uwarsu. Ɗan ɓeran da aka raba da uwa yakan yi ta kuka da wata siririyar murya wadda kunnen mutum ba ya ji sai da na'ura. Da aka ɗiga musu ruwan sukari a baki sai kukan ya ragu ƙwarai. Aka ɗora ƙafarsu a kan faranti mai ɗumi, sai aka ga waɗanda suka ɗanɗani zaƙi sun fi jimawa kafin su janye ƙafa, watau zafin bai dame su kamar sauran ba. Da aka yi musu allurar naltrekson kafin a ba su sukarin, sai amfanin ya tafi: kuka ya dawo, jin zafi ya dawo.

A shekarar 1991 Blass ya gwada haka ga jariran mutane lokacin da ake huda dundunensu don ɗibar jini, kuma kukan ya ragu. A yau asibitoci a ƙasashe da yawa suna ɗiga wa jinjiri ɗan ruwan sukari kafin a yi masa irin wannan ƙaramin aiki. Amma wannan ɗigo ne na likita, a ma'auni, don aiki ɗaya. Bai zama izini ga uwa ta riƙa ba jinjiri ruwan sukari a gida ba, domin shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya, watau OMS, ita ce nonon uwa zalla har wata 6.

Jin daɗi dabam, kwaɗayi dabam

Mai karatu zai iya tambaya: ta yaya za a san ɓera ya ji daɗin abu, alhali ba ya magana? Fuskarsa ce ke faɗi. In an sa masa zaƙi a baki yakan riƙa fito da harshe yana lasar leɓe da tafin ƙafa, in kuwa ɗaci ne sai ya wangale baki yana girgiza kai. Haka jinjiri sabon haihuwa ke yi. Masana sukan ɗauki hoton majigi na bakin ɓeran, sa'an nan su ƙidaya lashe-lashen ɗaya bayan ɗaya.

Kent Berridge na Jami'ar Mishigan ya shafe shekaru yana wannan ƙidaya. A shekarar 2005, shi da Susana Peciña suka gano wani ɗan wuri cikin wani gurbi na ƙwaƙwalwa da ake kira akumbens, girmansa bai wuce milimeta ɗaya ta kowane gefe ba, watau bai kai ƙwayar gero ba. In an ɗiga wa wannan wuri maganin da ke buɗe kwaɗon ofiyom, sa'an nan aka ba ɓera ruwan sukari, lashe-lashensa kan ninka. Sukarin bai ƙaru ba, daɗinsa ne ya ƙaru. In kuwa an ɗiga maganin a gefen wurin, ɓeran yakan ƙara ci, amma alamar daɗin ba ta ƙaruwa.

Akwai wani sinadari na dabam mai suna dofamin wanda shi ma yake aiki cikin wannan gurbi. An daɗe ana ɗaukarsa shi ne sinadarin daɗi, sai Berridge da Terry Robinson suka nuna cewa ɓeran da aka raba da dofamin ɗinsa yana nan yana lasar leɓe in an sa masa zaƙi a baki, amma ba ya tashi ya nemi abinci ko da yana gabansa. Ke nan abu biyu ne: jin daɗin abu, wanda sinadaran ofiyom ke ƙarfafawa, da kwaɗayin nemansa, wanda dofamin ke turawa. Mashayin ƙwaya ya san wannan bambanci a jikinsa, domin yakan kai matsayin da daɗin ya ragu amma neman sai ƙaruwa yake yi.

Gwajin Firinston

Gwajin da ya fi yin suna shi ne na Bartley Hoebel, malami a Jami'ar Firinston ta Amurka, wanda ya rasu a shekarar 2011, tare da almajiransa Carlo Colantuoni da Nicole Avena, da abokin aikinsa Pedro Rada. Ga yadda suka tsara shi. Ɓera dabbar dare ce, da faɗuwar duhu yake fara cin abincinsa. Sai masanan suka riƙa kwashe abinci daga kejin har awa 12 kowace rana, kuma ba su mayar ba sai duhu ya yi awa 4, watau ɓeran ya wuce lokacin karin kumallonsa, yunwa ta kama shi sosai. Sa'an nan su kawo masa abincinsa na kullum tare da kwalbar ruwan sukari. A gwajin farko gulukos ne kashi 25 cikin 100, daga baya suka koma sukarin shayi kashi 10 cikin 100, wanda zaƙinsa ya yi daidai da na lemun kwalba. Bayan awa 12 su sake kwashewa. Haka kullum har kimanin wata guda.

Abu na farko da aka gani shi ne zari. Cikin kwana 10 abin da ɓerayen ke sha ya ninka, kuma sun koyi afka wa kwalbar da zarar an kawo ta, suna kwankwaɗar mai yawa cikin awar farko.

Abu na biyu sauyi ne cikin ƙwaƙwalwa. A rahoton shekarar 2001, bayan kwana 30, an auna kwaɗunan ofiyom na irin da ake kira miyu, waɗanda su ne morfin ya fi kamawa, aka tarar kamunsu ya ƙaru a gurbin akumbens da waɗansu sassa. Kwaɗunan dofamin su ma sun sauya. A 2004 aka ga cewa umurnin sarrafa ankefalin ya ragu a wannan gurbi, irin raguwar da ake gani ga ɓeran da aka saba wa morfin. A 2005 kuma Rada ya nuna cewa dofamin yana tashi kowace rana in ɓeran ya afka wa sukari. Wannan abin lura ne, domin bisa al'ada abinci mai daɗi yakan ta da dofamin a karon farko ne, in an saba da shi sai tashin ya dushe. Ƙwayoyi ne aka sani da tayar da shi kullum ba gajiya.

Abu na uku shi ne ya fi ba da mamaki. A rahoton shekarar 2002, aka yi wa waɗannan ɓeraye allurar nalokson mai yawa. Nan da nan sai haƙoransu suka shiga kaɗawa, ƙafafunsu na gaba suna makyarkyata, suna girgiza kai. Waɗannan su ne alamun da ake gani ga ɓeran da ya saba da morfin aka yanke masa. Ko ba allura, in an hana su abinci da sukari awa 24, kaɗa haƙorin yakan bayyana. Aka kuma auna fargabarsu da wani katako mai reshe huɗu da aka ɗaga sama, reshe biyu da bango, biyu a buɗe. Ɓera mai kwanciyar hankali yakan fita ya leƙa buɗaɗɗen reshe, mai fargaba kuwa sai ya maƙale cikin mai bango. Ɓerayen sukari suka maƙale.

Abu na huɗu marmari ne bayan rabuwa. An koya wa ɓerayen danna wani ɗan ƙarfe don su sami sukari, sa'an nan aka hana su har mako biyu. Da aka dawo da shi sai suka danna fiye da dā da kashi 23 cikin 100. An kuma ga cewa ɗan amfetamin kaɗan, wanda ba ya motsa ɓeran da bai bi wannan tsari ba, yana sa su zabura, kuma in an ajiye musu barasa sun fi sauran sha. A shekarar 2008 Avena da Rada da Hoebel suka tattara dukan wannan cikin dogon rahoto guda, wanda daga gare shi ne maganar jarabar sukari ta bazu cikin duniya.

A Faransa ma an yi wani gwaji mai kama da wannan. A shekarar 2007 Serge Ahmed da abokan aikinsa na Jami'ar Bordo suka ba ɓeraye zaɓi tsakanin ruwan sakarin, wani abin zaƙi da ba ya ba jiki ƙarfi ko kaɗan, da allurar hodar iblis ta jijiya. Kashi 94 cikin 100 suka zaɓi zaƙi. Wannan ya nuna cewa ɗanɗanon da ke kan harshe shi kaɗai lada ne babba ga ƙwaƙwalwar ɓera.

Inda gizo ke saƙa

To, ga rabin kayan da labarin ya zubar a hanya. Masanan Firinston ba rukuni ɗaya na ɓeraye suka ajiye ba. Akwai waɗanda aka bar musu ruwan sukari da abinci dare da rana, su sha lokacin da suka ga dama. Waɗannan sun sha sukari mai yawa, amma kaɗan-kaɗan cikin yini. Ba su yi zari ba, kuma alamun jarabar ba su bayyana gare su kamar na rukunin farko ba. Akwai kuma waɗanda aka riƙa hana su abinci awa 12 ana ba su abincin kullum ba tare da sukari ba, su ma ba su nuna alamun ba.

Ke nan ba sukari shi kaɗai ya kama ɓeran ba, ba kuma yunwa ita kaɗai ba. Haɗuwarsu ce: a hana, a bar yunwa ta yi kamu, sa'an nan a saki zaƙi gaba ɗaya, a maimaita kullum. A nan ne sukari ya sha bamban da morfin. Morfin mabuɗi ne da ya shigo daga waje, yana buɗe kwaɗon da kansa, kuma duk ɓeran da aka daɗe ana ba shi zai kamu, ko yana ƙoshe ko yana jin yunwa. Sukari kuwa ba ya shiga kwaɗon. Zaƙinsa ne ke sa ƙwaƙwalwa ta saki nata mabuɗin, kuma abin da take saki bai kai ƙarfin allura ba. Su kansu masanan sun faɗi cewa alamun da suka gani ga ɓerayen sukari ba su kai tsananin na ƙwayoyi ba.

Wani abin lura kuma, ɓerayen nan ba su yi ƙiba ba. Yayin da suka ƙara shan sukari sai suka rage cin abincinsu na kullum, nauyinsu ya tsaya daidai da na sauran. Watau zaƙi ya ture abinci mai gina jiki ya zauna a wurinsa.

Kama da wane ba wane ba ne

Ɓera ba mutum ba ne, keji kuma ba gida ba ne. Duk da haka akwai alamun cewa ƙofar ɗaya ce. A shekarar 1995 Adam Drewnowski da abokan aikinsa a Jami'ar Mishigan suka ba waɗansu mata nalokson, sai masu larurar zarin ci daga cikinsu suka rage cin kayan zaƙi masu maiƙo irin su cakulan. A shekarar 2019 kuma masana na Jami'ar Arhus ta ƙasar Danmak suka ba ƙananan aladu 7 ruwan sukari awa ɗaya kowace rana har kwana 12, suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsu da na'ura, suka ga sauyi a kwaɗunan ofiyom tun daga shan farko.

Amma a shekarar 2016 masana uku na Jami'ar Kambirij ta Ingila, Margaret Westwater da Paul Fletcher da Hisham Ziauddeen, suka bi dukan rahotannin da aka yi a kan dabbobi da mutane ɗaya bayan ɗaya. Hukuncinsu shi ne hujjar jarabar sukari ga ɗan Adam ƙalilan ce, kuma alamun da aka gani ga ɓeraye sun fito ne daga tsarin hanawa da saki, ba daga wani dafi da ke cikin sukarin ba. Sun kuma lura cewa mutum da wuya ya zauna yana cin sukari zalla. Abin da ke jan sa shi ne zaƙi haɗe da mai da gari, irin su biskit da cincin da fanke.

Saboda haka wanda ya ce sukari daidai yake da Tramol ya yi kuskure biyu. Ya tsorata mai shan shayi fiye da kima, sa'an nan ya rage wa ƙwaya muni a idon matasa, alhali ita tana kashewa cikin dare ɗaya ta hanyar tsai da numfashi, abin da sukari ba ya yi.

Abin da ya rage ga mai gida

Wannan bai wanke sukari ba. Illarsa da aka tabbatar ta wata hanya take zuwa, a hankali: ruɓewar haƙori, da ƙiba, da cututtukan da ƙiba ke ja, cikinsu har da ciwon sukari da ciwon zuciya. A shekarar 2015 OMS ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa cikin abinci da abin sha, har da zuma da ruwan ƴaƴan itace, ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu daga abincinsa na yini. Ga baligi wannan kimanin giram 50 ne, watau ƙaramin cokali 12. Ta ƙara da cewa in an sauko zuwa giram 25 ya fi. Gwangwani ɗaya na lemu yakan ɗauki har giram 40. Ƙwaya ɗaya ta sukarin kwali giram 5 zuwa 6 ce, ke nan ƙwaya 9 ko 10 sun cika ma'aunin yini. Mai zama fada ko ofis inda butar shayi ba ta sauka daga kan gawayi, ya ƙidaya ƙwayoyin da ake jefawa daga na fari zuwa na uku, ya raba da yawan masu sha, ya ninka da yawan zama, zai ga inda ya tsaya.

Darasin ɓerayen Firinston kuwa ya fi shafar yadda ake sha. Ma'aikacin da ke fita da safe ba karin kumallo, ya yini da yunwa, sa'an nan ya huce a kan shayi mai kauri da lemu, ya kama hanyar da ta yi kama da ta kejin nan, ko da yake shi yana da hankalin da zai sauya ta. Haka uwar da ke hana yaro alewa kwana da kwanaki da faɗa, rana ɗaya kuma ta cika masa hannu don ya yi shiru, tana koya masa ɗaukar zaƙi abin wawaso. Abin da ya fi shi ne cin abinci a kan lokaci, a fara da mai riƙe ciki kamar tuwo da wake da fura da nono, zaƙi ya biyo baya kaɗan, a kuma riƙa rage ƙwaya ɗaya-ɗaya cikin buta har harshe ya saba.

Hausawa sun ce sabo turken wawa. Ɓeran ɗakin bincike ba shi ya kafa turkensa ba, masu farar riga ne suka tsara masa lokacin yunwa da lokacin sha. Ɗan Adam kuwa tsarin cinsa da na iyalinsa a hannunsa yake. Allah ya ƙara wa jama'a lafiya.